Ƙarin Ruwa Ba Abinci Ba Ne

Laccar da aka gabatar a gaban iyaye, ma'aikatan lafiya da masu unguwanni a Ƙofar Durbi, cikin birnin Katsina

 

  

An ce in yi magana a kan ciyar da yaro ta jijiya da matsalolin da kan biyo baya. Na san da jin haka wasu sun ce a ransu, ai ƙarin ruwa ke nan, wa bai san shi ba? To daga nan zan fara, domin yawancin jayayyar da muke yi da iyaye a ɗakin yara daga nan take tasowa. Yaro ya kwana uku bai ci komai ba, uwa ta kawo shi, roƙonta ɗaya ne: a sa masa ruwa ya samu ƙarfi. Da an rataya leda sai hankalinta ya kwanta, har ta daina matsa masa da nono, don a ganinta yana ci ta hannu. Idan kuwa likita ya ce ba sai an sa ba, sai a fita ana cewa bai san aiki ba, a zarce kemis.

Bari mu duba abin da ke cikin ledar nan. Iri biyu aka fi ratayawa. Ɗaya ruwan gishiri ne, giram 9 na gishiri a cikin lita guda, ba ta da komai na abinci. Ɗayar ita ce mai sukari kashi 5 cikin ɗari. Ledar rabin lita tana ɗauke da giram 25 na sukari, wato ƙwaya biyar ko shida na sukarin kwali da muke jefawa a koko. Iyakar abin da ke ciki ke nan. Yaro ɗan shekara guda mai nauyin kilo 10 yana bukatar kalori 900 zuwa 1,000 a yini, ruwan da jikinsa ke bukata a yinin kuwa wajen lita guda ne, kuma litar nan ba za ta ba shi fiye da kalori 200 ba. Idan aka ce sai an ƙosar da shi ta wannan hanya, sai an ɗura masa lita biyar, kuma tun ba a kai rabi ba huhunsa zai cika da ruwa. Ko da ya iya ɗauka, babu sinadarin gina jiki a ciki, babu maiƙo, babu bitamin. Yaron da aka bari a kan ƙarin ruwa zalla tsokar jikinsa yake ci.

Kada wani ya fita ya ce likita ya kushe ƙarin ruwa. Tun 1832, lokacin da Thomas Latta ya fara ɗura wa masu kwalara ruwan gishiri ta jijiya a Sikotilan, Allah kaɗai ya san rayukan da aka ceta da shi. Yaron da amai da zawo suka tsotse har ya kasa haɗiya, ko wanda ya zubar da jini, ko wanda za a ba magani ta jijiya, ba shi da kamar ƙarin ruwa. Aikinsa mayar da ruwan da aka rasa da kai magani cikin jini.

Ciyarwa ta jijiya ta gaskiya wani abu ne daban, kuma da yawa a cikinmu ba su taɓa ganin ta ba. Leda ce da masu haɗa magunguna ke haɗawa a ɗaki mai tsananin tsabta, bisa nauyin yaron da sakamakon gwajin jininsa. A cikinta akwai sukari mai kauri, da sinadaran gina jiki da aka riga aka narkar, da maiƙo fari kamar madara, da gishirin jiki iri-iri irin su fotashiyam da kalsiyam da fosfet, da bitamin, da zinki da 'yan'uwansa. Duk abin da hanji zai tace daga tuwo da miya da nono, an tace shi a waje an zuba kai tsaye cikin jini.

An daɗe ana neman yadda za a yi haka ana kasawa, saboda matsaloli biyu. Ta farko maiƙo: mai ba ya gauraya da jini, yana iya toshe jijiya. Wani masani ɗan Suwidin, Arvid Wretlind, shi ya warware wannan a 1961, da ya haɗa man waken suya da sinadarin gwaiduwar ƙwai ya samu ruwan maiƙon da jiki ke karɓa. Ta biyu sukari: idan ya yi kauri yana ƙona ƙananan jijiyoyin hannu. Stanley Dudrick, wani matashin likitan tiyata a Jami'ar Pennsylvania ta Amurka, ya ga cewa in aka zura siririyar roba har babbar jijiyar da ke shiga zuciya, yawan jinin da ke gudana a wurin zai sirka ruwan nan take. Ya gwada a kan 'yan kwikwiyo, suka girma daidai da 'yan'uwansu masu ci da baki. A 1967 shi da Douglas Wilmore suka ciyar da wata jaririya a asibitin yara na Filadelfiya, wadda aka haifa kusan babu ƙaramin hanji. Ta yi ƙiba, ta yi tsawo, kanta ya girma, ta rayu wata 22 kafin ta rasu. Daga wannan jaririya duniya ta tabbatar cewa ɗan Adam na iya girma ba tare da abinci ya bi ta cikinsa ba.

Su waye ake yi wa? Waɗanda hanjinsu ba ya aiki, ko aka ga dole a hutar da shi. Bakwainin da bai kai kilo ɗaya da rabi ba, wanda ajiyar jikinsa ba ta wuce ta 'yan kwanaki ba. Jaririn da aka haifa hanjinsa a toshe, ko a waje ta wata kafa kusa da cibiya. Wanda hanjinsa ya murɗe ya ruɓe aka yanke mafi yawansa. Sai kuma wanda muka fi gani a nan, yaron da taifot ya huda wa hanji, aka yi tiyata, ɗinki ya buɗe, abinci na fitowa ta fatar ciki. Ga irin waɗannan yara, wannan leda ita ce tsakaninsu da kabari, da izinin Allah.

Amma tana da tsada, kuma ba tsadar kuɗi kaɗai ba. Ku dubi ƙofar nan da muke zaune kusa da ita. A zamanin da ganuwa ke tsaye, duk baƙo da duk kayan da za su shiga birni sai sun bi ta ƙofa, Sarkin Ƙofa ya duba, ya bar na bari ya mayar da na mayarwa. Haka Allah ya tsara jiki. Abin da ya bi ta baki sai ya haɗu da tsamin ciki mai kashe ƙwayoyin cuta, sai bangon hanji ya zaɓi abin da zai shige gwargwadon bukata, sai hanta ta sake tacewa kafin ya isa zuciya. Ciyarwa ta jijiya haura ganuwa ce. Abin da aka zuba, mai kyau ko maras kyau, daidai ko fiye da kima, cikin daƙiƙoƙi ya isa zuciya da ƙwaƙwalwa, kuma ba a iya amayar da shi.

Babbar masifar ita ce shigar ƙwayoyin cuta cikin jini. Roba ce kwance daga fata har bakin zuciya, kwana da kwanaki, ruwan da ke bi ta cikinta kuwa sukari ne da maiƙo, abincin da ƙwayoyin cuta suka fi so. Duk lokacin da aka buɗe mahaɗin robar da hannun da ba a wanke ba, an ba su hanya. Babban yaro zai yi zazzaɓi da rawar sanyi a gane. Bakwaini sau da yawa ba ya zazzaɓi: jikinsa ne zai yi sanyi, ya yi laushi, launinsa ya dusashe, numfashinsa ya riƙa ɗaukewa, kafin a farga cuta ta mamaye shi. Kuma wannan ba matsalar talaka ba ce kaɗai. A 2014 a Ingila, ledojin da suka gurɓata tun daga wurin haɗawa sun sa wa jarirai fiye da goma cuta a asibitoci daban-daban, wasu suka rasu. In haka ta faru a inda wuta ba ta ɗaukewa kuma firij ba ya mutuwa, sai mu yi tunanin irin kulawar da ake bukata a garin da zafin watan Afrilu ke haura digiri 40. Shi ya sa ba a barin leda ɗaya ta wuce awa 24 a rataye, kuma robar abinci ba a yawan buɗe ta don ɗibar jini ko sa magani.

Robar kanta tana da nata haɗarin. Wajen sa ta ana iya huda huhu. Jini na iya daskarewa a bakinta ya toshe jijiya, kuma yaro manyan jijiyoyinsa ƙidayayyu ne, duk wadda ta toshe an yi asarar ta. Idan ta ƙaramar jijiya ake bayarwa, kanula ta goce, ruwan ya taru a ƙarƙashin fata, kalsiyam da sukari su ƙona naman wurin, ya zama gyambo, wani lokaci tabon ya janye hannu ko ƙafa har girma.

Sai rikicewar sinadaran jini. Sukari ya yi yawa, yaro ya yi ta fitsari har ya bushe. A cire ledar farat ɗaya, sukarin ya faɗi, yaro ya kama jijjiga. Saboda haka a kwanakin farko kusan kullum sai an gwada jini, kuma duk asibitin da ba shi da ɗakin gwajin da zai ba da sakamako a ranar bai kamata ya fara ba.

Akwai matsala ɗaya da nake so iyayena mata su riƙe da kyau, domin za mu sake haɗuwa da ita. Jikin da ya daɗe cikin yunwa yakan rage komai nasa, ya saba da kaɗan. Ranar da aka kwararo masa abinci mai yawa, sinadarin insulin zai tashi ya kwashe fosfet da fotashiyam da magniziyam daga cikin jini ya tura su cikin tsoka, zuciya ta rasa abin bugawa, numfashi ya gagara. An ga haka a 1945, lokacin da aka buɗe sansanonin fursunoni a ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu: mutanen da suka tsira daga yunwar shekaru, wasunsu suka mutu kwanaki kaɗan bayan an fara ba su abinci mai yawa. Garin neman ƙiba aka samo rama. Mai yunwa da kaɗan-kaɗan ake farawa.

Wanda kuma ya wuce mako biyu a kan wannan ciyarwa, musamman bakwaini, hantarsa ake ji wa tsoro. Hanta tana zubo ruwan ɗaci ne idan abinci ya shigo hanji. In babu abin da ya shigo, ruwan sai ya tsaya ya taru, idon yaro ya yi ɗorawa kamar mai shawara, fitsari ya yi duhu, kashi ya yi fari, in abin ya daɗe hanta ta ƙandare. An gano cewa man waken suya yana ƙara wutar wannan ciwo, shi ya sa likitocin asibitin yara na Boston suka koma gwada man kifi, har hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2018. Amma maganin da ya fi kowanne yana ƙirjin uwa. Bangon hanji daga abincin da ke wucewa ta cikinsa yake ci, in an bar shi da yunwa sai ya sirance, ƙwayoyin cutar cikinsa su tsallaka jini. Saboda haka ko yaro na kan leda, da zarar likita ya ba da dama ana ɗiga masa nonon uwa, ko da cikin ƙaramin cokali ne a yini, don hanji ya farka, hanta ta motsa. Dakashin da wasu kakanninmu ke cewa a matse a zubar, a ɗakin bakwaini da sirinji muke auna shi, ɗigo ba ya faɗuwa ƙasa. Jaririn da ya yi watanni bai sa komai a baki ba ma yakan manta tsotso, ya riƙa ƙin abinci, sai an sake koya masa.

Su kansu Turawan da suka ƙirƙiro abin sun rage gaggawar yin sa. A 2016 aka fitar da sakamakon wani bincike a kan yara 1,440 masu ciwo mai tsanani a asibitoci uku na Beljiyam da Holan da Kanada. Rabi an fara ciyar da su ta jijiya tun ranar farko, rabi an jinkirta har mako guda ana lallaɓa cikinsu. Waɗanda aka jinkirta wa sun fi ƙarancin kamuwa da sabuwar cuta, wajen kashi 11 cikin ɗari, ɗaya ɓangaren kuwa fiye da kashi 18, kuma sun riga barin ɗakin kulawa ta musamman. Ƙa'idar da likitocin yara ke bi a ko'ina yanzu ita ce, muddin hanji na aiki, ta nan za a ciyar.

Yanzu mu dawo gida, inda ciwonmu ya fi yawa. Ƙungiyar likitocin MSF, wadda ke aiki da ma'aikatar lafiya ta jiha a cibiyoyin tamowa irin na Ƙofar Sauri da Asibitin Turai, ta bayyana cewa daga Janairu zuwa Yunin 2025 ta kula da yara kusan 70,000 masu tamowa a Jihar Katsina, kusan 10,000 sai da aka kwantar da su, kuma 652 sun rasu. Waɗannan 'ya'yanmu ne, daga unguwanninmu da ƙauyukanmu. Kuma a cikin duk yaran da ke duniya, babu wanda ƙarin ruwa ya fi yi wa haɗari kamar mai tamowa. Zuciyarsa ta rame kamar yadda cinyarsa ta rame. Jikinsa cike yake da gishirin da ya kasa fitarwa, ko da bai kumbura ba. Idonsa ya faɗa, fatarsa ta yamutse, wanda bai sani ba zai rantse ruwa ne ya ƙare masa. A rataya masa leda a buɗe ta, cikin awa ɗaya ko biyu numfashinsa ya ƙaru, fatar idonsa ta kumbura, zuciya ta gaza. Sai a ce ciwo ne ya yi tsanani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta hana a yi wa mai tamowa ƙarin ruwa sai in jininsa ya kasa zagayawa har ya fara fita hayyacinsa, kuma ko a nan a aune ake ba shi, ma'aikaci na tsaye yana ƙirga bugun zuciya da numfashi kowane 'yan mintoci. Ko yaran da ba su da tamowa, binciken da aka yi a kan fiye da 3,000 masu zazzaɓi mai tsanani a Yuganda da Kenya da Tanzaniya, wanda aka fitar a 2011, ya nuna cewa waɗanda aka kwarara wa ruwa da sauri sun fi mutuwa a kan waɗanda aka ba a hankali.

Abin da ke tayar da mai tamowa madara ce ta musamman mai suna F-75, mai sauƙi, kaɗan-kaɗan kowane awa biyu ko uku, dare da rana, saboda dalilin nan na mai yunwa da na faɗa. In ya farfaɗo a ƙara masa mai ƙarfi, sannan a koma kan abincin gyaɗa na leda da ake ba masu tamowa, wanda kowace ɗaya ke da kalori 500, kwatankwacin na ledar ƙarin ruwa mai sukari guda biyar. Maƙwabtanmu na Maraɗi sun ga aikinsa a yunwar 2005, inda aka warkar da dubban yara a gaban iyayensu a gida.

Idan yaro ya kasa sha, sai a zura masa robar hanci har ciki. A nan ne nake roƙon iyayena mata. Wallahi raina yana ɓaci idan na ga uwa ta fashe da kuka don an ce za a sa robar hanci, ko kaka ta ce a ba su ɗansu su tafi, wai ba a sa wa yaro ita ya tashi. Dalilin wannan tsoro a fili yake: waɗanda suka fi galabaita ake sa wa, wasu a rasa su, sai a ɗora wa robar laifin ciwon. Robar nan siririya ce, tana bin hanyar da abinci ya saba bi, tana kai nono ko madara cikin ciki. Haɗarinta bai kai kusa da na abin da ake sawa a jijiya ba, kuma da yaro ya samu ƙarfin sha ake zare ta.

'Yan'uwana masu kemis, kun san lasisin sayar da magani bai ba da izinin allura ko ƙarin ruwa ba. Na san uwa ce ke matsa muku, kuma in kun ƙi za ta tafi shagon gaba. Duk da haka ku ji tsoron Allah a kan yaro ramamme ko mai kumburin ƙafa. Ku auna damtsensa in kuna da ma'auni, ku tura shi cibiyar tamowa. Mai zawo da ke iya sha, ku ba shi ruwan gishiri da sukari na ORS da ƙwayar zinki.

Wadda kuma aka kwantar da ɗanta aka rataya masa leda, kowace iri ce, ita ce idon farko, don nas ɗaya na iya riƙe da gado ashirin. Kada ki taɓa 'yar tayar da ke daidaita ɗigo, kada ki bari mai zuwa dubiya ya buɗe ta don ruwa ya ƙare da wuri. Ki riƙa duba wurin kanula, in ya kumbura ko ya yi ja ko yaro na tsala ihu in an taɓa, ki kira ma'aikaci nan take. Haka in numfashi ya ƙaru, ko fuska ta kumbura, ko ido ya canja launi. Ki wanke hannu da sabulu kafin ki taɓa shi, kuma ba rashin kunya ba ne ki tambayi ma'aikaci ko ya wanke nasa. Kullum ki tambayi likita yaushe za a fara ba shi nono, kuma ki ci gaba da tatsa don kada ya ƙafe.

Saura yaran da ba su da wata hanya sai jijiyar, kuma hakkinsu yana wuyanmu. Ku ɗauki jaririn da aka haifa hanji a waje. Wani bincike da ya haɗa ƙasashe 74, wanda aka buga a 2021, ya nuna cewa a ƙasashe masu arziki ba a rasa ko biyu cikin ɗari na irin waɗannan jarirai, a ƙasashe mafiya talauci kuwa tara cikin goma ke mutuwa. Likitocinmu na tiyatar yara a Zariya da Kano da nan Katsina sun iya mayar da hanjin. Abin da ke kashe jaririn shi ne jinkirin kawo shi, da cuta, da yunwar makonni biyu zuwa huɗu da hanjin ke ɗauka kafin ya fara aiki. Ungozomomi, in kun karɓi irin wannan haihuwa, ba aikin iska ba ne kuma ba abin ɓoyewa ba ne. Kada a shafa komai, kada a naɗe da auduga ko tsumma. A sa rabin jikinsa na ƙasa cikin sabuwar leda mai tsabta, a lulluɓe shi ya ji ɗumi, a kwantar da shi a gefe, a nufi Asibitin Koyarwa na Tarayya a wannan sa'a.

Masu unguwanni kuma, ranku ya daɗe, ku ne ke da bakin isar da kuka ga hukuma. Kayan ciyarwa ta jijiya daga waje ake shigo da su, akasari a ledojin da aka auna don manya, kuma kuɗin 'yan kwanaki ya isa ya karya magidanci. Ba kowane asibiti ke bukatar wannan aiki ba, yaɗa shi barkatai ma haɗari ne. Abin da jiha ke bukata shi ne wuri ɗaya da aka yi shi da kyau: ɗakin haɗawa mai tsabta da wutar da ba ta yankewa, ɗakin gwaji mai aiki dare da rana, nas-nas da aka horar a kan kula da robar jijiya, da motar da za ta ɗauko jariri daga Jibiya ko Mani ko Dutsin-Ma cikin ɗumi. A kuma sa kuɗinsa cikin tsarin taimakekeniyar lafiya na jiha, don kada uba ya sayar da gona a kan jinyar mako uku.

Na ga hannuwa a sama tun ɗazu daga ɓangaren mata, bari mu fara da su.